Ɗoɗɗoya: ta tukunya ce ko ta ciwon sukari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗoɗɗoya a bayan ɗakina, ta yi kyau sosai. Surukata ta ce in riƙa dafa wa maigida ganyen yana sha saboda ciwon sukari, har ma ya rage ƙwayoyin asibiti. Hakan ya halatta a likitance? Sannan me ya sa idan na sa ta a farfesu ba ta ƙamshi kamar na maƙwabciyata Bayarabiya? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, uwargida. Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Bari in fara da tukunya, ita ce mai sauƙi.

Tsinko ganye ɗaya ki murza a yatsunki, ki kai hanci. Za ki ji wani abu kamar kanumfari, kuma hancinki bai yi ƙarya ba: sinadarin yujinol da ke cikin kanumfari shi ne a cikin man ganyen nan. Matsalar ita ce man ba ya jure wuta. Idan kika zuba ɗoɗɗoya tare da albasa da attarugu tun farkon girki, ƙamshin zai bi tururi ya tafi gidan maƙwabta, a bar ki da baƙin ganye a romo. Ina kyautata zaton maƙwabciyarki, wadda ke kiranta efirin, sai ta kusa sauke tukunya take zubawa. Ki yayyaga da hannu, ki watsa saura minti 2 ko 3, ki rufe, ki sauke. A farfesun kifi da na kayan ciki tana kashe ƙarni sosai, kuma tana shiga da faten doya. Mutanen Jenowa a Italiya ma ba sa ɗora tasu, mai laushin ganye, a wuta: dakawa suke yi ɗanya da tafarnuwa da man zaitun da cuku.

Maganar Hajiya surukarki kuwa, ba daga sama ta ɗauko ta ba. An daɗe ana shan ruwan ganyen don kumburin ciki da murɗawa, kuma a ɗakin gwaji an ga mansa yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. An kuma gwada a kan ɓeraye an ga sukarinsu ya sauka. Amma ɓera daban, maigida daban. Gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne, yawancinsa ma a kan 'yar uwarta ta Indiya ne, wadda suke kira tulsi. Ba a kai ga sanin awon da zai maye gurbin ƙwaya ko allurar insulin ba.

Don haka kada ya rage maganinsa ko da rabin ƙwaya sai da izinin likitansa. Sukari kan yi ɓarna a ɓoye, ya taɓa ido da ƙoda da ƙafa mutum yana jin garau. Akwai kuma ɗaya gefen: haɗa magani da dafaffen ruwan ganyen mai kauri kullum na iya sauke sukarin fiye da kima, sai ki ga zufa da rawar jiki da jiri. Idan yana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ya gaya wa likita, domin ganyen na ɗauke da bitamin K mai yawa. Mai juna biyu ma ta tsaya a kan na cikin miya kawai.

Da ni ce ke, ba zan yi musu da suruka ba. Zan ce, "Hajiya, an gode, ana sa masa a abinci," kuma gaskiya na faɗa, tunda ga ta a farfesu.

Wadda ke bayan ɗakin, ki riƙa tsinke kanta da zarar ta fara fure, za ta yi rassa ta ƙara ganye. Wadda za ki ajiye don rani ki shanya ta a inuwa, ba a rana ba, ki zuba a kwalba mai murfi.