Tambaya da amsa: Guntuwar bishiyar fayin za ta yi a Teshie?

TAMBAYA: Salam Malam, ina Teshie ne kusa da bakin teku, tsakar gidana ɗan ƙarami ne ko mota ba ta shiga. Ɗiyata da ke Jamus ta turo min hoton wata guntuwar bishiyar fayin a WhatsApp, ganyenta kamar allura, wai koriya ce shar duk shekara kuma ba ta tsawo. Ga hoton nan, za ta yi a wajenmu? Daga wata Hajiya, Teshie.

AMSA: Wa alaikis salam Hajiya. Toh gaskiya kar ki wahalar da yarinyar nan da kuɗin aike. Wadda ke hoton Pinus mugo ce, 'yar kan duwatsun Turai irin su Alps inda ƙanƙara ke rufe ta watanni, kuma sai ta sha wannan sanyin ta yi barcinta kafin ta sake toho, mu kuwa nan Accra ko hunturun Janairu ya kai inda ya kai fanka na juyawa a ɗaki, sai ki ga allurar ta fara ja tana zuba ki ɗauka ƙishi ne ki ƙara ruwa, saiwa ta ruɓe, shikenan.

Ki je wajen masu sayar da fulawa a bakin titi ki ce bishiyar Kirsimeti mai rassa hawa-hawa, ita ce Araucaria. Masana sun ce ba fayin ta gaske ba ce amma waye zai tsaya bincike a tsakar gidanki? Asalinta tsibirin Norfolk ne a tekun Pasifik, iskar gishiri ba baƙuwarta ba ce. Sai dai fa a tukunya za ki bar ta, in kika saka ta a ƙasa za ta wuce rufin gidanki ta wuce na maƙwabta. Tukunya mai huji a gindi, baƙar ƙasa gauraye da yashi, amma ban da yashin bakin teku don gishiri gare shi. Ki ajiye ta inda ranar safe ke samunta, in kin tura yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe ki ba ta ruwa, lokacin ruwan Yuni kuwa ki duba kar ya kwanta. Wani lokaci ki watsa wa ganyen ruwan famfo. Kan nata kuma kar almakashi ya taɓa shi, kyan ke nan ya tafi.

In shinge kike so, bishiyar Casuarina ɗin nan da ke yin fito in iska ta kaɗa ta a bakin ruwa tana jure aski, ki dai nisanta ta da katanga da sokawe.