Amsa Ga Ɗana Na Kano: Littafi Da Tele A Damagaram

Assalamu alaikum. Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin tambayar ko da yake akwai tsokana a cikinta. Ka ce ku da abokanka na jami'a kuna ta gardama wai talabijin ya kashe karatun littafi a ƙasar Hausa, kana son jin yadda abin yake a wajenmu, tunda an gaya maka mutanen Damagaram ba su da aiki sai shayi da kallo. Shayin dai ba zan musa ba. Sauran maganar kuwa sai ka gyara zama, domin baffanka ya daɗe a garin nan, ya aurar da 'ya'ya a nan, ga jikoki suna lakwal, wato makarantar boko.

Yaron Kano da yaron Damagaram Hausa ɗaya suka sha a nono, amma ba ta ƙofa ɗaya suka shiga boko ba. Kai ka yi Hausa a firamare, ka yi ta a sakandare, ka rubuta jarrabawarta, an ɗora maka littattafan Zariya ko kana so ko ba ka so. 'Yan'uwanka na nan kuwa, ranar farko da na kai su makaranta, da Faransanci mushe, wato malamin aji, ya tarbe su. Da shi suka koyi baƙi da wasali, da shi suka yi lissafi, da shi aka ba su labarin ƙasarsu. Har suka kai lise, wato babbar sakandare, babu wanda ya taɓa miƙa musu littafin Hausa ya ce su karanta don jarrabawa. Kuma lakwal ba baƙuwa ba ce a garin nan. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, nan ce ma hedikwatar mulkinsu kafin su mayar da ita Yamai a 1926.

To ka ga abin da wannan ya haifar. A wajen yaro, littafin boko abu ne na wahala da bulala da jarrabawa, cikin harshen da uwarsa ba ta ji. Labari mai daɗi, wanda ake dariya ko a yi hawaye a kansa, da Hausa yake zuwa, kuma ta baki yake zuwa, ba ta takarda ba. Haka tele ta tarar da mu. Saboda haka in wani ya ce maka ta ƙwace wa littafi masu karatu a nan, ka tambaye shi wane littafi, kuma a hannun wa ta same shi.

Wani abin da zai ba ka mamaki, a Nijar tele da sunan malamin makaranta ta fara shigowa. Tun 1964 aka soma gwajin koyar da yaran firamare ta akwatin talabijin a yankin Yamai, a haɗa darasi a sutudiyo a watso shi cikin aji. Sai daga baya, zamanin Seyni Kunce, aka buɗe Télé Sahel don kowa da kowa. A lokacin gidajen da ke da akwati ƙalilan ne, unguwa guda takan taru a gaban ɗaya. Abin da ya riƙe mutane a wajen ba labaran Faransanci ba ne, wasan kwaikwayo ne na Hausa, kuma 'yan wasan Damagaram su ne suka yi fice a ƙasa baki ɗaya. Yazi Dogo, wanda ko a wajenku dattawa sun san sunansa, malamin makaranta ne da ya yi aiki a garin nan. Wasannin nan ba daga littafi aka ɗauko su ba, yawanci ma ba a rubuta su kalma bayan kalma. A zauna a tsara yadda labarin zai tafi, a raba wa kowa matsayinsa, sauran kuma bakinsa ya fisshe shi. Tele ta yi mana Hausa alhali littafin lakwal ya ƙi yi, shi ya sa ta samu shiga.

Yau kuwa kwanon tauraron ɗan'adam ya cika rufin gidaje. Mata da yara suna kan Arewa24 tun da aka buɗe ta a 2014, ga finafinanku na Kano, ga na Indiya da aka juya Hausa. Samari suna wajen ƙwallo a Canal+. Abin da na ga tele ta cinye da idona shi ne hirar dare. Tatsuniyar da tsofaffi kan yi wa jikoki bayan isha'i ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma bakin yara ya fara karkata irin naku. Jikata takan yi wata magana sai kakarta ta ce mata, ke kuma yaushe kika je Kano?

Akwai kuma karatun da tele ba ta ko girgiza shi ba, wanda masu gardama irin taku sukan manta da shi. Ka bi cikin unguwar Birni ko ta Zango bayan asuba, ko tsakanin magariba da isha'i, ka leƙa zauruka. Za ka ga tela da dillali da mai kabu-kabu zaune a kan tabarma, kowa da littafinsa a cinya yana jiran layi ya zo kansa. Wannan yana Ahalari, wancan ya kai Iziyya, dattijo na gefe yana Risala, malam yana fassara jimla bayan jimla da Hausa. Garin nan tun asali yana da alaƙa da Barno, gidan sarautar ma can ya samo tushe, don haka sha'anin allo da tsangaya da alarammomi masu rubuta Alƙur'ani da ka yana da ƙarfi. Mutumin da ya shekara goma sha yana bin zaure littafi bayan littafi, wanda ke rubuta bashin abokan cinikinsa da ajami a bayan kaye, wato littafin rubutu, in ma'aikaci ya zo da takardar ƙidaya sai ya sa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba, don bai iya Faransanci ba. Wannan yana ci mini rai. Kuma a wannan fanni tele da rediyo taimako ma suke yi. In azumi ya zo ana watsa tafsiri, mai sayar da littattafan addini a kasuwar Dole zai gaya maka lokacin cinikinsa ne. Mutum ya ji malam ya ambaci littafi, washegari ya zo nema. Yawancin kayan nan kuwa daga Kasuwar Kurmi taku ake saro su.

Littafin Hausa na boko, in gaskiya za a faɗa, mata ne suka riƙe shi a garin nan. Littattafan soyayya na Kano sun daɗe suna biyo motar Daura, su ƙetare Kwangwalam, su bi ta Matamaye su iso. Ba kowa ke saye ba, haya ake yi, ko aro daga gida zuwa gida har bango ya fita a ɗinke shi da zare. Yarinyar da ta bar lakwal tun a firamare aka yi mata aure, da waɗannan ta koya wa kanta karatun Hausa, ba malami ba aji. Farkon abin da wuya, domin idonta ya saba da ƙa'idar Faransanci. Inda kuke sa c ita tch ta sani, inda kuke sa u ita ou ta saba gani. Amma da yake harshenta ne, shafi kaɗan sai ido ya waye. Na san malamai sun sha yin wa'azi a kan littattafan nan, a wajenku ma an yi rigimarsu. Ni dai na ga matan da ba don su ba da tuni sun manta harafi, kuma yau su ne ke duba wa 'ya'yansu aikin gida, su karanta takardar asibiti.

Wannan kasuwar ce ta ja baya, kuma ba tele ta karya ta ba, waya ce. Yanzu marubutan suna sako labari kashi-kashi ta WhatsApp, wasu kuma an karanta su da murya, mace tana tuƙin tuwo tana saurare. Ga shi kuma ba a taɓa rubuta Hausa a Damagaram kamar yadda ake rubuta ta yau a waya ba, sai dai kowa da irin ƙa'idarsa, wani lokacin sai na karanta saƙon jikana da ƙarfi kafin in gane abin da yake nufi.

Mun ma samu gwaji ba tare da mun nema ba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka rufe iyaka. Yankinmu yana cikin masu shan wuta daga wajenku, don haka akwatuna da yawa suka yi shiru na tsawon lokaci. In da tele ce ta hana karatu, ai lokacin ne za a ga an koma wa littafi. Ban gani ba. Abin da na gani shi ne layi a wajen masu cajin waya da faifan hasken rana, sai kuma 'yan littattafan da ke shigowa daga Kano suka ƙara wuya da tsada.

Ka tambayi samari. Su fada suke zama, wato majalisar shayi ta ƙofar gida, kowace da sunanta. A nan ake ƙwallo da siyasa da zancen neman aiki. Amma in jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, ta matso, za ka ga waɗannan yaran dai sun watse ƙarƙashin fitilun titi, kowa yana kai da komo da kaye a hannu yana hadda har tsakar dare. Suna karatu sosai, sai dai na cin jarrabawa ne, daga darasin da mushe ya rubuta a allo ko takardun fotokofi. Sabon littafin Faransanci daga waje yake zuwa, kuɗinsa jika da yawa ne, wato dubban sefa, uban da ke fama da sayen ruwa a wajen 'yan garuwa ba zai iya ba. Sai dai na hannu, wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa lokacin komawa makaranta. Da can ɗalibai da yawa ɗakin karatu na cibiyar al'adun Faransa da Nijar suke zuwa. A Janairun 2015, lokacin zanga-zangar zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, an cinna wa cibiyar wuta, ɗakin karatun yana cikin abin da ya ƙone. Babu Musulmin da zanen bai ɓata wa rai ba. Amma waɗanda ke zama a kan kujerun nan suna karatu 'ya'yanmu ne, ba 'ya'yan masu zanen ba.

Muna da jami'a tun 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan garin nan. Shi ya rubuta tarihin masarautar Damagaram ta ƙarni na 19, har da zamanin Sarki Tanimu mai ganuwa. Da Faransanci ya rubuta. Jikokin mutanen da ake ba da labarinsu a ciki, mafi yawansu ba za su iya karanta shi ba, abin da suka sani na Tanimu daga bakin maroƙa da tsofaffi suka ji. Nan ne ciwon yake a ganina, ba a kwanon da ke kan rufi ba.

Ba wai ba a taɓa gane haka ba. A garin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko a ƙasar, a 1973, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin a shigo masa da Faransanci. Shekaru suka yi ta wucewa abin yana nan da sunan gwaji, har wasu iyaye suna gudunta don tsoron kada ɗansu ya rasa aikin gwamnati. A Maris na 2025 sabon kundin da hukumomin soja suka sa wa hannu ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi murna a fada-fada, an yi gardama a rediyo, domin ba kowa ne Bahaushe a Nijar ba kuma masu sauran harsuna suna da tasu maganar. Ni abin da nake jira shi ne in ga littafin Hausa a jakar jikana, da malamin da aka horar ya koyar da shi, da kuma wanda zai buga labarin Birni da Zango a takarda yadda mai shayi zai iya saye.

Kafin nan, ga aike. In ka shiga kasuwa ka nemo mini littattafan Hausa na yara, masu manyan baƙaƙe da hotuna, irin na 'yan aji ɗaya da aji biyu, ka haɗa da ƙaramin littafin ƙa'idar rubutu guda. Ka ba direban motar Damagaram, in ka bugo mini lambarsa zan sa a tarye shi a tasha. Kada ka turo mini su ta waya, na takarda nake so. Ka gai da mahaifinka da mutanen gida duka.