Amsa ga ƙanwata da ke son zuwa Amurka ta zama ungozoma

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Saƙonki ya iso, na kuma karanta shi a natse. Kin ce ke ma'aikaciyar jinya ce mai rajista, shekara huɗu kina ɗakin haihuwa, kuma ba ki da burin da ya wuce ki zama cikakkiyar ungozoma. Abu biyu ne suka tsaya miki a rai: ko ki tsaya ki yi kwas ɗin ungozoma na wata 18 a gida, ko ki tattara ki taho Amurka ki yi karatun a nan. Kin kuma ce in faɗa miki tsakani da Allah yadda aikin yake, da ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Bari in fara da abin da masu haɗa wa mutane takardun tafiya ba sa son faɗa. A Amurka, takardar ungozoma da aka samo daga wata ƙasa ba ta isa a ba ki lasisin karɓar haihuwa ba. Ko jarirai dubu kika karɓa, a matsayin nas za ki shigo. Kafin ki zama irin ungozomar da asibitocin nan suke ɗauka, wadda ake kira CNM, wato nas mai shaidar ungozomanci, sai kin mallaki lasisin jinya na wata jiha, da digirin farko, sannan digiri na biyu daga makarantar da ACME, hukumar tantance makarantun ungozoma, ta amince da ita, sannan ki ci jarrabawar AMCB, hukumar da ke ba ungozomomi shaida. Bayan haka ma duk shekara 5 sai kin sabunta shaidar. Saboda haka idan Amurka kika nufa, kuɗi da lokacin da za ki zuba a kwas ɗin wata 18 gara ki zuba su a digirin jinya, domin shi ne mabuɗin ƙofar. Idan kuwa Ingila ce a ranki, to lissafin ya juya, don hukumarsu ta NMC tana yi wa ungozomar da ta yi karatu a waje rajista a matsayinta na ungozoma, bayan ta ci jarrabawar Turanci, da ta kwamfuta, da ta gwajin aiki da hannu. Ki tsai da ƙasar da kike so tukuna, kafin ki biya kuɗin ko wace makaranta.

Wannan tsari na ɗora ungozomanci a kan jinya yana da asali. A 1925 Mary Breckinridge, wadda sai da ta je Ingila ta koyo aikin, ta kafa ƙungiyar ma'aikatan jinya masu karɓar haihuwa a tsaunukan jihar Kentaki, suna bin gidajen talakawa a kan dawakai. A 1939 suka buɗe makarantarsu, wadda ita ce ta zama Jami'ar Frontier ta yau, kuma har gobe tana cikin masu yaye ungozomomi da yawa ta hanyar karatu daga nesa. Amma duk da wannan tarihi, likitoci ne ke karɓar mafi yawan haihuwa a ƙasar nan. Ungozomomi kamar ɗaya cikin goma suke karɓa.

Hanyar shigowa kuwa sananniya ce. Za a tantance takardunki, galibi ta hannun wata hukuma mai tantance takardun ma'aikatan jinya na ƙasashen waje, wadda aka sani da CGFNS, a ga ko kin yi darasi da aikin asibiti a fannin manya, da yara, da masu ciki, da masu taɓin hankali. Sai jarrabawar samun lasisin jinya, wato NCLEX, wadda tun Afrilun 2023 aka sauya mata fasali: tambayoyi 85 zuwa 150 cikin awa biyar, kuma ba haddarki take nema ba, so take ta ga abin da za ki fara yi idan marar lafiya ya rikice. Sai biza, wadda a nan ne ƙura take. A Disamban 2025 gwamnatin Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta zama da ta karatu, ta kuma rufe wa 'yan Nijar ƙofa gaba ɗaya. Irin waɗannan dokoki suna zuwa suna tafiya, don haka ki duba halin da ake ciki a shafin ofishin jakadancinsu da idonki kafin ki miƙa wa kowa ko sisi.

Ki kula da kamfanonin da ke kawo ma'aikatan jinya. Su ne suke biyan kuɗin jarrabawa da na lauya, ke kuma ki sa hannu cewa za ki yi musu aiki shekara biyu ko uku a duk inda suka ajiye ki, in kin fasa ki biya tara mai nauyi. Inda suke ajiye mutum kuwa sau da yawa gidan kula da tsofaffi ne ko ɗakin marasa lafiya na gama-gari. Na ga 'yan'uwa da suka ƙware a ɗakin haihuwa sun share shekaru ba su ji kukan jariri sabon haihuwa ba. Idan za ki sa hannu, ki nemi a rubuta sashen da za ki yi aiki a cikin takardar, baƙi a kan fari. Alkawarin baki ba ya aiki a nan.

To, a ce Allah ya nufa kin samu ɗakin haihuwa. Ga yadda darenki zai kasance. Kin karɓi duti ƙarfe bakwai na yamma, za ki miƙa bakwai na safe, kwana uku a mako. Mace ɗaya ko biyu za a damƙa miki, ba ɗaki guda ba. An ɗaura mata bel biyu a ciki, ɗaya yana ɗaukar bugun zuciyar jariri, ɗaya yana ɗaukar naƙuda, layukan biyu suna tafiya a allon kwamfuta. Mafi yawan matan nan ana yi musu allurar baya mai kashe zafi, don haka ba kukan mace ko yanayin fuskarta ne zai gaya miki inda aka kwana ba, allon ne. Kin san bugun da ake so yana tsakanin 110 da 160. Can wajen ƙarfe uku sai ki ga layin sama, na bugun zuciyar jariri, yana zubewa bayan kowace naƙuda ta wuce, yana dawowa a makare. Nan take ki juya ta kan gefe, ki tsai da ruwan naƙuda, ki ƙara gudun ruwan jijiya, ki kira likita ko ungozoma ki faɗa musu abin da kika gani a taƙaice, sannan ki rubuta minti nawa ne kowane abu ya faru. Rubutun nan shi ne garkuwarki idan magana ta kai kotu, kuma a fannin haihuwa tana kaiwa.

Sai kuma wurin da ya fi ci wa irinmu rai. Kai ya leƙo, hannunki ya san duk abin da zai yi, amma aikinki shi ne ki ce wa matar ta sassauta nishi, ki danna kira, ki shirya kayan aiki, ki jira mai lasisi ya shigo ya sa safar hannu. In jaririn ya riga shi fitowa za ki tare, amma sai kin rubuta rahoton yadda aka yi. Ba za ki yi ƙari ba, ba za ki yi ɗinki ba, ba za ki rubuta magani ba. Bayan mabiyiya ta faɗo, jinin ma ba da ido ake kintatarsa ba: ƙyallaye da audugar da suka jiƙe ake ɗorawa a sikeli, a cire nauyinsu na busassu, giram ɗaya a lissafa shi mililita ɗaya. Mai shekara huɗu tana karɓar haihuwa da hannunta za ta ji kamar an mai da ita baya.

Duk da haka ina roƙonki kada ki raina waɗannan shekaru, kada kuma ki yi gaggawar tsallake su. Ki yi aƙalla biyu. A cikinsu za ki iya karatun allon nan har ya zama miki jiki, ki yi kwas ɗin farfaɗo da jarirai, ki san magungunan zubar jini da na jijjiga yadda ake ba da su a nan, ki koyi yadda ake ja da likita cikin ladabi ba tare da an janye magana ba. Bayan shekara biyu da awa 2,000 na aiki kina iya zana jarrabawar ƙwarewa a jinyar masu haihuwa, wato RNC-OB, wadda take ƙara wa takardar neman makaranta nauyi. Abin da ya fi wannan duka, a nan za ki san ungozomomin da wata rana za su karɓe ki a matsayin ɗaliba. Makarantun nesa da yawa ke ce za ki nemo wadda za ta koya miki aiki a asibiti, kuma ɗalibai sun fi masu koyarwa yawa. Akwai waɗanda suka gama darasin aji kaf suka zauna watanni suna jiran gurbi. Wadda ta tsaya tare da ke a kan mace mai zubar jini ta ga hannunki, ita ce za ta ce ki zo.

Karatun shekara biyu zuwa uku ne. Shekarar farko ana iya haɗa ta da aiki, amma da an shiga zangon asibiti sai kin rage duti, albashi ya ragu a daidai lokacin da kuɗin makaranta yake neman ki. In kina da yara, ki san wanda zai kwana da su kafin ki cike fom, domin naƙuda ba ta san lokacin tashi daga makaranta ba. Maganar bashin karatu kuma, na gwamnati ba a ba mai bizar ɗalibta, sai mai katin zama na dindindin ko ɗan ƙasa, kuma yana da ruwa. Na san wannan zai tsaya miki a wuya kamar yadda yake tsaya wa da yawa cikinmu. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ki yi aiki a asibitin da ke taimaka wa ma'aikatansa da kuɗin makaranta, wanda doka ta yafe wa haraji har dala 5,250 a shekara, ki haɗa da ajiyar da kika yi, ki ɗauki darussan kaɗan-kaɗan ko da zai ja lokaci.

Kuɗin da ake samu fa? A ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta Mayun 2023, matsakaicin albashin ungozoma dala 129,650 ne a shekara, na nas kuma 86,070, kafin haraji da inshorar lafiya da haya su ɗauki rabonsu. Tazarar tana da kyau a takarda. Sai dai nas da ta daɗe a ɗakin haihuwa, tana dutin dare tana ƙarin awoyi a jiha mai biya da tsoka, tana iya kamo sabuwar ungozoma, kuma ita da ta miƙa duti ta tafi gida ke nan. Ungozoma kuwa tana da ranakun awo, mata suna shiga suna fita tun safe, wata awon ciki, wata tazarar haihuwa, wata gwajin bakin mahaifa, wata ta kai shekarun ɗaukewar al'ada. Tana da ranakun jiran kira, wani wurin awa 24 cur. Sunanta ne a kan fayil, ita ce za ta yanke cewa wannan naƙudar a ƙara mata haƙuri, waccan kuma a tashi likita a shiga tiyata. Wanda yake ganin wannan ƙarin girma ne kawai bai fahimce shi ba. Wani aiki ne daban, da wani irin nauyi da yake bin mutum har kan matashinsa.

Jihar da za ki zauna ma tana da tasiri. Niyok ta soke sharaɗin rubutacciyar yarjejeniya da likita tun 2010, Kalifoniya ta cire sharaɗin kulawar likita a 2020, amma akwai jihohin da har yanzu ba za ki yi aiki ba sai wani likita ya sa miki hannu, in ya janye kin tsaya.

In kin tambaye ni ko ya cancanci wannan wahala, zan ce miki e, ga wadda take son aikin don kansa. A 2021 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ƙidaya mata 32.9 da suka rasu sanadin ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa 100,000, amma a tsakanin baƙaƙen fata adadin 69.9 ne. Kusan haihuwa ɗaya cikin uku da tiyata ake yin ta. Mace baƙar fata tana cewa kanta yana sarawa, idonta yana ganin duhu, a ce mata ta sha magani ta kwanta, alhali jininta ne ya hau. Ungozomar da za ta ja kujera ta zauna ta saurare ta, ta auna ta, ta ƙi sallamarta, rai take ceta. Akwai kuma matanmu Musulmi baƙi da suke jinkirta zuwa awo don ba sa son namiji ya duba su. Ranar da irin wannan ta ɗaga kai ta ga mace da lulluɓi ta shigo da sallama, za ta faɗa miki abin da ta ɓoye wa kowa wata shida. Lulluɓinki ba zai hana ki aiki ba, dokar 1964 ta hana nuna bambancin addini a wurin aiki, ɗakin tiyata ne kawai yake da nasa ƙa'idar abin rufe kai mai tsabta.

Abin da nake so ki yi yanzu, tun ƙofa ba ta gama buɗewa ba: ki nemi gurbin digirin jinya idan difloma gare ki, ki karɓi cikakken sakamakon karatunki daga makarantarku mai nuna awoyin kowane fanni, ki kuma fara rubuta duk haihuwar da kika halarta a littafi, da kwanan wata da abin da ya faru, ba tare da sunan kowa ba, shugabar ɗakinku tana sa hannu. Ki rubuto mini ki gaya mini ko da miji da yara za ki taho, domin shawarar jiha da ta makaranta a kan wannan za ta tsaya. Ki gaida su Mama da kyau.