Ƙararrawar gobara ta lalace, me za a yi kafin a gyara?

Malam, ka ce ƙararrawar gobarar gininku ta daina aiki, mai gyara kuma sai bayan kwana 3. To, kada a kwana ko ɗaya ba mai sintiri. A ware mutum wanda ba shi da wani aiki sai zagaya ginin hawa-hawa, kamar kowane minti 30. Ya leƙa kicin da ɗakin janareto, ya shinshina ƙauri, ya taɓa ƙofa da bayan hannu ya ji ko ta yi zafi. A ba shi usur, tocila da waya mai caji. Dare na fi ji, domin hayaƙi ba ya tada mai barci.

A sanar da 'yan kwana-kwana da mazauna ginin, a dakatar da walda, a kwashe kayan da suka tare matakala.