Gwaggo, gizo-gizo ke motsa mini sha'awa, ga aure ya matso

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 29, a Hindawiyya ta Makka aka haife ni, yanzu ina aiki a wani mustauda, wato sito, na kayan gini a Khumra, kudancin Jidda. Tun da na fara aikin nan, in na ɗaga kwali gizo-gizo ya fito a guje, sai gabana ya faɗi, sannan in ji jikina ya motsa irin yadda namiji ke ji game da mace. Har ta kai ina neman bidiyonsu a waya da dare, na kuma taɓa barin wani ya hau hannuna da gangan. An kai ni ruƙya saboda yawan firgita, ban faɗa wa malamin gaskiya ba, ya ce macen dare ce. An sa ranar aurena bayan Babbar Sallah, har an kai lefe. Ina son yarinyar, sha'awata gare ta kuma lafiya lau. Hauka ne ke kama ni? In fasa auren, ko in gaya mata?

Ɗanki, daga Jidda

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka fasa komai tukuna, kada kuma ka tara dangi.

Ba hauka ba ne. Na yi aikin jinya a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa har na yi ritaya, kuma wanda hankalinsa ya gushe ba ya zama ya tsara wasiƙa irin taka yana auna haƙƙin 'yar mutane. Abin da ka kwatanta likitoci suna sa shi cikin parafiliya, wato sha'awa ta karkata ga abin da ba a saba ba. An fi ganin wadda ta shafi ƙafa ko takalmi ko tufafi. Ta ƙwari da gizo-gizo da wuya ake cin karo da ita, amma tana rubuce. A 1986 Ratnin Dewaraja da John Money sun buga labarin wani mutumin Siri Lanka da tafiyar tururuwa da kyankyasai a jikinsa ke tayar masa da sha'awa. An zauna da shi ana tattaunawa, ana yi masa horon ɗabi'a, abin ya ragu ƙwarai. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013 ma ya raba tsakanin baƙuwar sha'awa da cuta: ba ta zama cuta sai ta hana mai ita sukuni ko ta kai ga cutarwa. Kai ta hana ka sukuni, don haka ka cancanci a taimaka maka.

Ka lura da yadda ka jera maganarka: gabanka ya fara faɗuwa, sannan jiki ya motsa. Tsoro da sha'awa duk suna sa zuciya bugawa da sauri, numfashi ya sama, gumi ya tsattsafo, wani lokaci sai ƙwaƙwalwa ta ɗauki wannan a matsayin wancan. A 1974 an yi gwaji a kan gadar Kafilano ta Kanada, siririyar gada mai lilo a saman kwazazzabo. Wata budurwa ta riƙa tsayar da maza tana yi musu tambayoyi, ta ba su lambar waya. Cikin 18 da suka karɓa a kan gadar mai lilo, 9 sun kira ta. Cikin 16 da suka karɓa a kan wata 'yar gada mai ƙarfi da ba ta lilo, 2 kacal. Ga kuma gwajin Stanley Rachman na 1966 a Landan: ya yi ta nuna wa maza uku hoton takalmin mata tare da hotunan tsiraici, har takalmin shi kaɗai ya koma motsa su. Mutum uku ba su isa a kafa hujja ba, na sani, sai dai da aka daina haɗa hotunan biyu abin ya dusashe, kuma nan ne amfaninsa gare ka. Bidiyon da kake kallo da dare ban ruwa kake yi wa shukar da kake son ta bushe.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci, ka amsa wa kanka tsakani da Allah. In ka buɗe bidiyon nan, daɗi kake nema, ko gwada kanka kake yi ka ga ko jikin zai sake motsawa? Wanda daɗi yake nema yakan jira dare da zumuɗi, kunya sai daga baya. Wanda gwaji yake yi kuwa da fargaba yake ɗaukar wayar, yana kallo yana sauraren jikinsa, in bai ji komai ba ya samu sauƙi na ɗan lokaci, gobe ya dawo ya sake dubawa. Wannan na biyun ba karkatar sha'awa ba ce, cutar waswasi ce, irin wadda ke sa wani ya yi ta maimaita alwala har a idar da jam'i. Duk wanda ya ƙura wa gabansa hankali yana cikin tsoro zai iya jin motsi, kuma motsin ba shaida ba ne a kan abin da zuciya ke so. Yawan firgitar da ka ambata ta sa na fi karkata nan, amma ba a yanke wannan ta wasiƙa. Maganinsu ya bambanta, shi ya sa sai an tantance.

Ta fuskar addini, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah Ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Jin da ya zo maka ba da gayyata ba babu laifi a kanka. Neman bidiyo da ɗora dabba a jiki kuwa aiki ne, a hannunka yake. Ka ci gaba da azkar ɗinka da addu'a. Malamin da ya ce macen dare ce ba zan ga laifinsa ba, tunda rabin labari ka ba shi. Gizo-gizo dai halitta ce kamar sauran, sura ta 29 a Alƙur'ani ma sunansa ta ɗauka, kuma duk wayon da muka jingina wa Gizo da Ƙoƙi a tatsuniya ya tsaya. Kada ka koma bin su kana murƙushewa don huce haushi.

Batun hannu kuwa, a nan zan ɗaga murya: kul! Jinsin gizo-gizo da aka sani ya haura 50,000, mafi yawa ba sa cutar da mutum, amma masu cutarwar irin wurin aikinka suke so. Akwai wani ɗan ƙarami ruwan ƙasa, mai dogayen ƙafafu sirara, da ke laɓewa a bayan kwalaye da tsofaffin buhuna a ƙasashen yankin nan. Cizonsa da fari ba ya ko zafi, bayan kwana biyu wurin ya yi ja, tsakiya ta yi baƙi, fata ta fara mutuwa. Akwai kuma dangin Latrodectus masu dunƙulallen ciki, waɗanda dafinsu ke sa murɗar ciki da ɗaurewar tsoka da gumi. Ka sa safar hannu a wurin aiki. In an cije ka, ka wanke da sabulu, ka ɗora ƙanƙara, ka nufi asibiti, ban da tsaga ban da tsotsa.

Amaryarka fa? Ra'ayina, kada ka gaya mata yanzu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ka san unguwanninmu: magana in ta fita daga Hindawiyya da hantsi, kafin la'asar ta isa Karantina ta Jidda. Ba ka ɓoye mata abin da zai tauye haƙƙinta ba, tunda ka ce lafiyarka ƙalau game da ita. In likita ya ce waswasi ne, babu ma abin faɗa. In karkata ce ta gaske kuma ta fara shiga tsakaninku, to ya zama dole ta sani, sai likitan ya taya ka tsara yadda za ka faɗa.

Ka je tun kafin hidimar biki ta kankama. Ka fara da cibiyar lafiya ta unguwarku ko ka kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ka ce kana son ganin masanin halayyar ɗan Adam. A Jidda akwai asibitin Irada na lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma na kuɗi in ka fi son inda ba za ka haɗu da idon sani ba. In bakinka ya yi nauyi, ka miƙa masa wasiƙar nan da ka rubuto mini ya karanta. Idan likita ya rubuta maka magunguna irin su fluoxetine ko sertraline, waɗanda ake bayarwa don waswasi, ka gaya masa ranar ɗaurin aurenka, domin sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin su kama aiki sosai, kuma sukan rage wa wasu mazan sha'awa.