Amsa ga 'yar'uwar da ta kasa fara karɓar ɗinki

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki sau biyu, domin halin da kika bayyana na zauna a cikinsa shekara huɗu. Kin ce shekara uku ke nan da kika gama koyon ɗinki, kina da keke Butterfly a ɗaki, kin cika littattafai da zanen samfura da lissafin jari, amma har yau ba ki karɓi atamfar kowa ba, saboda kina jiran shago da keken lantarki, kuma kina tsoron ɓata wa mutum kaya. Kin nemi a gaya miki hanyar fita.

Ni ba tela ba ce, malamar makaranta ce a nan Gombe, kuma abin da ya riƙe ni shi ne kiwon kaji. Tun 2019 na ƙudura cewa zan ajiye kaji masu ƙwai 500, a ɗakin bulo mai raga, da tankin ruwa da sola, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan sayi ko ɗan tsako ɗaya ba sai komai ya kammala. Duk hutun zango sai in shiga babbar kasuwa in tambayi farashin siminti da kwano da buhun abincin kaji, in dawo in sake lissafi, in ji kamar na yi aiki. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, masara ta tashi, abincin kaji ya bi ta, sai alƙaluman da ke littafina suka zama tarihi, kuɗin adashin da na tara kuwa suka rage daraja a hannuna ina kallo.

Wadda ta fitar da ni wata dattijuwa ce a layinmu, mai kiwon burola, wato kajin nama, talatin zuwa arba'in a tsohon ɗakin girkinta. Na kai mata littafin ina neman shawara, ta juya shafi biyu ta rufe, ta ce, “Malama, kin taɓa kwana da 'yan tsaki?” Na ce a'a. Ta ce za ta yi odar 'yan tsakin burola a makon nan, in kawo kuɗin kwali ɗaya a haɗa da nata. Na ba ta kuɗin a ranar, kafin zuciyata ta sami damar kawo uzuri. Cikin kwana tara da suka rage na share sito, na wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na ɗebo garin katako a wurin 'yan katako, na sayi mazubin ruwa da tukunyar gawayi. Abin da na kasa a shekara huɗu, ranar isowar kaya ta sa na yi shi.

A farkon Nuwamba aka kawo su, guda 50. A dare na uku gawayin ya mutu ina barci, sanyin hunturu ya shigo ta ƙasan ƙofa, kukansu ya tashe ni wajen ƙarfe biyu. Na haska fitila na tarar sun taru a kusurwa ɗaya, wasu a kan wasu, huɗu na ƙasa sun riga sun mutu. Na ɗebe su a tafin hannuna ina hawaye. Na sha karanta cewa idan 'yan tsaki suka dunƙule sanyi suke ji, idan suka guje wa wuta suna buɗe baki zafi ya yi yawa, idan suka bazu suna ci to lafiya lau, amma ban san wannan magana da gaske ba sai a daren. Gaba ɗaya bakwai na rasa, na sayar da 43 bayan mako bakwai, daidai lokacin da maƙwabtanmu Kirista ke neman kajin Kirsimeti. Ribar ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai na gano abin da lissafi bai taɓa nuna mini ba: kaji masu ƙwai sai an ciyar da su mako 18 zuwa 20 kafin a ga ƙwan farko, kuma bayan na ɗanɗana yadda buhu ke ƙarewa, na tabbata albashina ba zai ɗauki nauyin 500 ba ko da an ba ni ginin kyauta. Ashe tsarin da nake ta gogewa tun tushe ba nawa ba ne.

Ba ina cewa shiri banza ne ba, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Da ban tanadi ɗumi da rigakafin cututtukan kaji irin na Gumboro da Lasota ba, da ba bakwai kaɗai zan rasa ba. Akwai shirin da rashinsa ke kashe aiki, akwai kuma wanda ake fakewa da shi, kuma a ganina shago da keken lantarki a wajenki na biyun ne, tunda mata da yawa sun ciyar da gidajensu da keken ƙafa a tsakar gida. Ni da na binciki zuciyata, ba son kyautata aiki ne ya tsayar da ni ba, tsoron bakin mutane ne, kada a ce malama ta fara ta kasa. Muddin abin yana cikin littafi babu mai ganin aibinsa. Ki tambayi kanki ko naki ma haka ne. Addini ya umarce mu da kyautata aiki, gaskiya ne, amma aikin da ake yi ake kyautatawa, kuma a hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito, aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Tsoronki na ɓata kaya yana da magani mai sauƙi: ki fara da abin da za ki iya biya idan ya lalace. Kada ki taɓa leshi ko shaddar biki yanzu, kuma kada ki fara a goman ƙarshe na azumi, lokacin da manyan teloli ma suke rikicewa. Ki nemi maƙwabciya mai yara, ki ce ta kawo yadin hijaban Islamiyya ko na kayan makaranta, ki faɗi kuɗinki ko da kaɗan ne, domin ɗinkin kyauta ba ya koya wa mutum cika alkawari, sannan ki sa ranar da za ta zo karɓa. Wannan ranar ita za ta yi miki abin da odar dattijuwar nan ta yi mini. Idan hannun riga ya karkace ki warware ki sake, idan yadi ya ɓaci ki faɗi gaskiya ki saya wani. Littafin kuma kada ki yar da shi, ki buɗe sabon shafi ki riƙa rubuta abin da ya riga ya faru: awon da kika ɗauka, zaren da ya tafi, awa nawa kika ɓata, inda kika yi kuskure.

Yanzu kaji 120 nake zubawa, kuma ina rage su idan zafin Maris da Afrilu ya gabato, domin burola mai nauyi ba ta jure shi. Ɗakin bulon har yau ban gina ba. Ki yi magana da maƙwabciyar kafin Juma'a, idan kin miƙa mata hijaban ki dawo ki gaya mini inda ya ba ki wahala. Allah ya sa albarka a hannunki.