Firgita ko ruɗewa? Amsa ga ɗalibin kwamfuta daga Maradi

Wani ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ya aiko da tambaya. Yana koyon Rust, harshen rubuta manhaja da ya samu goyon bayan Mozilla, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a watan Mayun 2015, kuma yana son yi wa abokansa bayani da Hausa a kan abin da Rust ke kira panic, wanda ke samun zaren aiki (thread), wato layin aiki ɗaya daga cikin waɗanda manhaja ke gudanarwa a lokaci guda. Ya ce: "Malam, idan zaren aiki ya ci karo da kuskuren da ba zai iya wucewa ba, ya tsaya, firgita ya yi ko ruɗewa? Idan kuma abin ya sake faruwa yana cikin tattara kayansa, ko karin maganar 'garin neman gira a rasa ido' ya dace?"

Ɗana, Allah ya yi albarka. Ɗauki firgita, ka bar ruɗewa. Wanda ya ruɗe bai san gabas ba bai san yamma ba, shi kuwa wanda ya firgita, abu ne ya faɗo masa ba zato, yana iya ja da baya da hankalinsa. Haka zaren yake yi a Rust. Da zarar ya firgita sai ya koma da baya daki-daki, ya bi duk abin da ya riƙe ya kira drop, wato aikin tsabtacewa, a kansa: ya rufe fayil, ya saki makulli, ya mayar da ma'ajiyar da ya ara, na ƙarshen ɗauka shi ne na farkon saki. Wannan komawar ka kira ta warwara, tunda zare dama warware shi ake yi. Zaren da ke jiransa da join, umarnin jiran wani zare ya gama, zai karɓi labarin a matsayin Err, wato sakamakon kuskure, sauran manhajar kuma ta ci gaba da aiki.

Karin maganarka kuwa tana da wurinta, amma ba a nan ba. Ita tana zargin mai kwaɗayin ƙaramin abu ne, abin da kake kwatantawa kuwa masifa ce a kan masifa. Abin da Bahaushe ke faɗa a nan shi ne "ana kukan targaɗe sai ga karaya". Targaɗe gocewar gaɓa ce, maɗori ya ja ta ta koma, gobe ka taka. Karaya sai an ɗaura karare an kwanta. Firgitar farko targaɗe ce, zare ɗaya ta shafa. Amma idan ana tsakiyar warwara sai wani drop shi ma ya firgita, firgitar ta tsallake shi ta fito waje, Rust ba ya tsayawa gyara: nan take yake kashe manhajar baki ɗaya, da zarurrukan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Abin da ba a rufe ba ya tafi a buɗe. Ina ganin hukuncin daidai ne, domin tsabtacewar da aka yi rabi ba a san me ta bari ba. C++, wani harshen rubuta manhaja, ma haka take yi, tana kiran std::terminate, aikin da ke kashe manhajar.

Inda batun gira ya shigo shi ne mai rubutun da kansa. Mutum ya sa unwrap, umarnin da ke jawo firgita in ya ci karo da kuskure, a cikin drop don kawai ya tabbatar rufe fayil bai gaza ba, sai ya jawo mutuwar komai. Kada ka yi haka. Rubuta kuskuren a kundin rahoto ka wuce, ko ka ware wani aikin rufewa daban wanda ke dawo da Result, wato sakamako mai nuna nasara ko kuskure. In kuwa dole sai ka yi bincike mai tsanani a wurin, fara tambayar std::thread::panicking, in ta ce ana cikin warwara, ka yi shiru.

Ka kuma yi tambaya a kan Mutex, makullin da ke hana zare biyu taɓa bayanai a lokaci guda: in zare ya firgita yana riƙe da shi, guba za a ce ko dafi. Dafi na maciji ne da kunama da kibiya, daga waje ake soka shi. Guba a cikin abin da za ka ɗauka take zaune tana jira. Don haka ka ce makulli mai guba: duk wanda ya zo kiran lock don ɗaukar makullin bayan haka zai samu gargaɗi, kuma yana iya karɓar bayanan da into_inner in ya duba ya ga ba su lalace ba.